Inhelar Rigakafin Asma: Wacce Za Ka Saya a Zariya, Wacce Kuma Za Ka Iya Ɗorewa da Ita?

A gidanmu da ke Tudun Wada mutum biyu ne ke fama da asma, uwargida da 'yarmu ta biyu, ni kuma ni ne mai zuwa sayo magani. Na daɗe ina zaton inhela ɗaya ce a duniya, shuɗiyar nan Ventolin. Ƙirji ya riƙe, a fesa, a samu sa'ida, a mayar cikin jaka. Sai da hunturun wata shekara ya kai mu asibiti da ƙarfe biyun dare, yarinya tana numfashi kamar ana busa usur, likitan da ya duba ta ya ɗago ya ce, "Malam, ina ta rigakafin?" Ban ma san akwai ta ba. Tun daga ranar nake tambaya, nake karantawa, nake kuma biyan kuɗin da hannuna. Abin da na tara ke nan, domin mai shirin saye ya je wurin likita da shagon magani yana sane da abin da ake magana a kai.

Asma kumburi ce a cikin hanyoyin iska na huhu, kuma kumburin yana nan har ranar da mutum ke jin garau. Shuɗiyar inhela, mai ɗauke da salbutamol, tsokar da ta shaƙe hanyar kawai take saki, na awa huɗu zuwa shida. Mai dogara da ita kamar mai kwashe ruwa a ɗaki ne da damina, kwanon da ke yoyo kuwa bai hau ya gyara ba. Abin da ke kwantar da kumburin shi ne maganin sitiroyid ɗin da ake shaƙa, wato inhelar rigakafi. Saboda haka ne GINA, ƙungiyar masana ta duniya mai fitar da jagorar maganin asma kowace shekara, ta daina ba da shawarar a bar baligi ko matashi a kan shuɗiya ita kaɗai tun daga 2019. A lissafinsu, mai ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo. Mu a lokacin muna ƙarar da fiye da haka a hunturu guda.

Da jin kalmar sitiroyid uwargida ta ce ita ba za ta sha "sha ka fashe" ba. Tsoronta yana da tushe. Duk mun ga yadda ƙwayoyin deksametazon da firednisolon ke kumbura fuskar masu shan su barkatai, su jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Amma ƙwaya ta ciki take bi, ta gauraye jiki duka, kuma da miligiram ake auna ta: baligin da asma ta tasar wa sosai akan ba shi miligiram 40 zuwa 50 na firednisolon a rana na 'yan kwanaki. Ta shaƙa kuwa da maikirogiram ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na miligiram, kuma kai tsaye take sauka inda ciwon yake. Wanda ya ƙi ta shaƙa saboda tsoron sitiroyid, shi ne wanda ya fi shan ƙwayar sitiroyid ɗin a gadon asibiti.

Zaɓin da ke gabanka kashi uku ne. Na farko sitiroyid zalla, ba haɗi. Akwai bekilometazon, wanda ya fito a Ingila tun 1972 da sunan Becotide, yawanci a gwangwani ruwan ƙasa, kamfanin Cipla na Indiya ma yana yin nasa mai suna Beclate. Akwai budesonayid, wato Pulmicort ko Budecort, sai fulutikazon, wato Flixotide mai ruwan goro. A aiki ba su da wata tazara in an daidaita awo, sai dai lambobin da ke jikinsu ba a kwatanta su kai tsaye. Ƙaramin awo ga baligi a rana shi ne maikirogiram 200 zuwa 400 na budesonayid, ko 100 zuwa 250 na fulutikazon, ko 200 zuwa 500 na bekilometazon irin na da. Kada ka ga 125 a jikin wannan da 200 a jikin wancan ka ce na biyun ya fi ƙarfi. Wannan rukuni shi ya fi sauƙin kuɗi, kuma yawanci da shi ake fara wa yara. Wahalarsa biyu: dole a shaƙa kullum, safe da dare, ko lafiya lau ake ji, sannan dole a riƙe shuɗiya a gefe domin ranar da ƙirji ya riƙe. Ni kuma na ga ta uku a Zariya: za ka iya shiga shago uku a Sabon Gari kowanne yana da Ventolin, amma ka rasa wannan.

Na biyu shi ne haɗin fulutikazon da salmeterol, wato Seretide mai launin shunayya, ko Seroflo na Cipla. Salmeterol yana buɗe hanyar iska na kusan awa 12, don haka ana ba wanda sitiroyid zalla bai wadatar da shi ba. Magani ne mai kyau, na ga aikinsa. Amma salmeterol ba ya kama aiki da sauri, ba a ɗauko shi a tsakiyar tashin ciwo, shuɗiya tana nan dole. Seretide da Ventolin duka na kamfanin GSK ne, kuma tun da kamfanin ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, ya bar wa dillalai, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi, wani lokaci ma su ɓace a kasuwa. Mutane da yawa a lokacin ne suka yar da rigakafi suka koma kan shuɗiya kaɗai.

Na uku shi ne wanda zan daɗe a kansa, domin shi ya canza mana gida: haɗin budesonayid da fomoterol, wato Symbicort na AstraZeneca, ko Foracort na Cipla. Fomoterol yana daɗewa a jiki kamar salmeterol, amma yana kama aiki cikin minti ɗaya zuwa uku, kusan kamar shuɗiya. Wannan ya sa inhela guda take iya zama ta rigakafi kuma ta ceto. Mai asma mara tsanani likita zai iya cewa ya shaƙa duk sanda ya ji ƙirji ya fara, kuma kowace shaƙa tana tafe da ɗan sitiroyid ɗinta. Wanda tasa ta fi ƙarfi zai shaƙa safe da dare, ya ƙara in bukata ta taso, iyakar adadin da likita ya yanka masa. Wannan hanya ita GINA ta sa a gaba ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Dalilin da ya sa na yarda da ita ba daga takarda na samo shi ba. Uwargida mace ce mai hidima, ga yara ga sana'a, in ta samu sauƙi kwana uku sai ta manta da ta rigakafi. Da aka haɗe mata biyun wuri guda, mantuwar ta daina cutar da ita kamar da. In aljihu zai iya, kuma likita ya amince, ga baligi ni wannan zan zaɓa. Abu ɗaya a kiyaye: wannan tsari na budesonayid da fomoterol ne, ba a yin sa da Seretide ko Seroflo.

Bayan magani sai mazubinsa, kuma a nan ne kuɗin mutane ke zubewa a banza. Akwai ta fesawa, akwai ta gari. Ta gari, irin fayafayin Seretide ɗin nan mai zagaye ko Symbicort mai murɗawa a gindi, ƙarfin zuƙarka ne ke ɗauko maganin. Ba ta bukatar saita hannu da numfashi, kuma yawancinsu suna da lambar da ke nuna saura nawa. Amma ƙaramin yaro da tsohon da ƙarfi ya ragu ba sa iya zuƙar da ta isa, kuma laima tana dunƙule garin, saboda haka da damina a rufe ta kirif, kada kuma a hura numfashi a cikinta. Ta fesawa tana bukatar a girgiza, a danna daidai lokacin da aka fara jan numfashi a hankali, a riƙe shi kamar daƙiƙa goma. Mutane da yawa harshensu suke fesa wa, ba huhu ba.

Maganin wannan shi ne gorar shaƙa, wadda ma'aikatan asibiti ke ce wa sifesa: a fesa a cikinta, a zuƙa a natse. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara shida ba zaɓi ba ce, dole ce, ƙanana ma sai mai abin rufe hanci da baki. In ba a samu ta saye ba, wani bincike da Farfesa Heather Zar da abokan aikinta suka yi a kan yara a birnin Kef Taun na Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 1999, ya nuna robar lemo mai cin mililita 500, in an huda gindinta daidai bakin inhela an toshe gefen, tana aiki kamar ta kanti. Da irinta muka fara wa 'yarmu kafin mu samu ta saye.

Akwai abubuwan da za a miƙo maka a kemis a ce ai duk ɗaya ne. Ƙwayar salbutamol da ta ruwa ba rigakafi ba ne, ga sa rawar jiki da bugun zuciya. Ƙwayar montelukas tana taimakon wasu, musamman masu atishawa da toshewar hanci, amma ba ta kai sitiroyid na shaƙa ƙarfi ba, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa mata babban gargaɗi kan munanan mafarkai da canjin hali. Injin turara magani kuwa yana bukatar wuta, mu kuma mun san yadda wutarmu take.

Wurin kuɗi, kada ka tambayi farashin gwangwani, ka lissafa kwana nawa zai kai ka. Fayafayin Seretide shaƙa 60 ne, safe da dare, wato kwana 30 cif. Na fesawarsa fesi 120 ne, amma bibbiyu ake yi safe da dare, shi ma kwana 30. Gwangwanin bekilometazon mai fesi 200, in huɗu ake yi a rana, kwana 50 ne, in biyu ne kwana 100. Symbicort akwai mai 60 akwai mai 120, a duba kwali kafin a ce wannan shago ya fi wancan araha. Raba kuɗin da kwanakin, sannan ka tambayi kanka tsakaninka da Allah ko za ka iya saye wata bayan wata. In ba za ka iya ba, ka faɗa wa likita ƙarara, "Ranka ya daɗe, wannan ya fi ƙarfina." Ba abin kunya ba ne. Bekilometazon da ake shaƙa kullum ya fi Symbicort ɗin da aka saya sau ɗaya aka kasa maimaitawa. Na Indiya masu rajista kuma maganin da ke cikinsu ɗaya ne da na Turai. Mai inshorar lafiya ta NHIA ko KADCHMA ta jihar Kaduna ya tambayi asibitinsa abin da ke cikin jerin magungunansu kafin ya nufi kasuwa.

Ka saya a famasi mai rajista inda akwai masanin harhaɗa magunguna, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar. Na taɓa sayen wata a wani shago da rana ke dukan kantarsa, ta zo ba ƙarfin fesi. Zafin Maris da Afrilu a garin nan ba ya ƙyale gwangwanin da aka bari a mota ko a aljihun babur. Kafin ka bar shagon, ka roƙi a nuna maka yadda ake amfani da ita, kai ma ka gwada a gabansu.

Illolinta na kusa su ne dishewar murya da fari-fari a harshe da maƙogwaro. Kurkure baki a tofar bayan kowace shaƙa, da amfani da gora, suna rage su ƙwarai. Ga yara, bincike ya nuna tana iya rage tsayi da kusan santimita 1 gaba ɗaya. Na auna wannan da daren da muka kwana a asibiti, ban yi jinkiri ba. Mai juna biyu kada ta ajiye tata da kanta, numfashinta shi ne na ɗan cikinta, kuma budesonayid na cikin waɗanda aka fi sanin lafiyarsu ga masu ciki. Da azumi, ta safe da dare tana shiga daidai sahur da buɗa-baki. Hukuncin shaƙa da rana kuwa malamai sun yi saɓani, kowa ya tambayi malaminsa tun Sha'aban.

Ba duk tari da sarƙewar numfashi ne asma ba. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, a fara gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati, ga kuma cibiyar tarin fuka ta Saye a kusa da mu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ƙirji na manya da na yara, a can ake tantance ciwon da awon da ya dace.

Rigakafin ba ya nuna kansa rana ɗaya. Sauƙi yakan fara cikin mako ɗaya zuwa biyu, cikakken amfaninsa sai an yi watanni, kuma sai an samu kamar wata uku lafiya lau likita ke duba yiwuwar rage awo. Shi ya sa mu yanzu tun watan Oktoba, kafin iskar gabas ta fara kaɗo ƙura, nake kai su a duba su, in sayo na wata biyu in ajiye a ƙasan akwati inda ya fi sanyi. Turaren wuta kuma uwargida ta koma sa shi a tsakar gida, sai hayaƙin ya lafa a shigo da kayan.