Wace rauta za ka saya don gilashin VR mara waya?

Mai gilashin Quest (gilashin VR na kamfanin Meta, da ake sawa a ido a ga kai a cikin wasa) a Sakkwato, idan hoto ya fara biyo bayan kansa a makare har jiri ya ɗebe shi, yakan ɗora laifin kan data. Data ba ruwanta. Hoton daga kwamfutarka yake tashi, ya bi ta rauta (na'urar da ke ba da Wi-Fi) ya shiga gilashi, duk a cikin ɗaki ɗaya. A 90Hz, wato hoto 90 a sakan ɗaya, kowane hoto milisakan 11 kacal gare shi, to ka ga kuwa ba wurin ɓata lokaci.

Ƙaramar MiFi ta aljihu, cire ta daga lissafi. Yawancinsu 2.4GHz suke, layin da wayoyin gida da na maƙwabta suka cika.

Zaɓi na gaskiya biyu ne. Rautar Wi-Fi 6 a kan 5GHz, da faɗin tasha 80MHz, tana haɗa gilashi a 1200Mbps, kuma ta ishi Quest 2, wanda dama bai san 6GHz ba. Wi-Fi 6E, mai aiki a kan 6GHz, ta fi tsada, ba ta da amfani sai ga mai Quest 3, 3S ko Pro. Ribarta rashin cunkoso, amma bangon bulo ɗaya ya isa ya raunana ta. Mai gida shi kaɗai, 5GHz ta wadatar. Mai shagon wasa a cikin jerin shaguna, 6E ta ci kuɗinta.

Kafin ka biya, juya rautar ka duba ramukan bayanta. In 100Mbps ne, ajiye, sai gigabit (1000Mbps). Ka haɗa da igiyar Cat6, don kwamfuta ta igiya za ta shiga rauta. Barinta a Wi-Fi na sa hoton ya ratsa iska sau biyu. Rautar kuma ta gilashin ce shi kaɗai, a ɗora ta sama da kai, inda ido ke ganinta. Kar yara su hau da wayoyinsu.

Manhajar da ke tura hoto daga kwamfuta zuwa gilashi: Air Link da Steam Link kyauta ne, Virtual Desktop na kuɗi, amma tana nuna maka inda milisakan ke tafiya. A tsarin matse bidiyo, fara da H.264, ya fi saurin warwarewa a gilashi. Tsarin AV1 kuwa sai kwamfutarka na da katin hoto na zamani, irin RTX 40 ko RX 7000.

Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, na sa rautar da aka kulle a kabad ta riƙa sanɗa, ƙurar hunturu kuma ta toshe mata ramukan iska. A ba ta sarari, a jona ta a UPS ɗaya da kwamfuta saboda ɗauke wuta.