Daga layin tarho zuwa kebul: yadda na ga intanet ɗin gida a Kaduna

Tun da aka ja mana kebul ɗin intanet zuwa gida a Unguwar Rimi, maƙwabta ke tambayata ko abin ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma da sharaɗi.

Ni da layin tarho na fara, wanda yaran yanzu ba su taras ba. A zare wayar tarhon falo a soka a bayan kwamfuta, modam ya buga lamba, ya yi ta tsuwa kafin ya haɗu. Iyakar gudunsa kilobit 56 a daƙiƙa, shi ma da wuya ya kai. Hoto guda mai megabait 3, irin wanda wayar hannu ke ɗauka yau, sai ya ci wajen minti 7 yana saukowa, in layin bai yanke ba ke nan. Muddin kana kan intanet kuma, duk wanda ya kira gidan ba zai samu ba. Hajiyarmu tana Zariya a lokacin, ta sha ce mini, "Kai, wai da wa kuke magana ne tun magariba?" Kuɗi biyu ake biya, na kamfanin intanet daban, na mintocin tarho daban. Shi ya sa mutum ke rubuta saƙonninsa tsaf kafin ya haɗa, ya tura, ya yi maza ya kashe.

Da wayar salula ta shigo a 2001, layukan gida suka yi ta mutuwa. Muka koma ɗan modam na sokawa, daga baya datar waya. Sauri ya ƙaru ƙwarai, musamman bayan kebul ɗin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki ta Legas a 2010. Sai dai lissafi bai ƙare ba: da minti muke ƙirgawa, muka koma ƙirga megabait.

Wannan lissafin ne kebul ya raba ni da shi, kuma a wurina ya fi saurin daraja. Kuɗin wata nake biya, shi ke nan. Na daina tsawatar wa yara don sun buɗe bidiyon darasi. 'Yata tana bin laccarta ba tare da ta zo neman a sa mata data ba, uwargida tana ɗora hotunan atamfofin da take sayarwa a WhatsApp ba jira, ni kuma in yi hira da ƙanena da ke Madina fuska da fuska, murya ba ta sarƙewa. Hoton nan na minti 7, kafin ka ɗauke yatsa ya sauko.

Aikin haɗawa bai ɗauki lokaci ba. Samari biyu suka zo da tsani, suka jawo wayar daga falwaya, suka huda bango, suka kafa ɗan farin akwati kusa da talabijin. Faiba ce, wato silin gilashi siriri kamar gashi, haske ke bi ta cikinsa maimakon lantarki. Ɗayansu ya ja mini kunne: "Baba, kada a lanƙwasa ta ko a ɗora mata kujera, karyewa take." Ya nuna mini fitilun akwatin: in kore ne lafiya lau, in ja ya kama yana ƙiftawa, to wayar ta yanke a wani wuri.

Na kuwa ga jan nan. Da damina masu haƙar kwata suka datse wayar a bakin layinmu, aka kwana biyu muna kira ana cewa ma'aikata suna hanya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba a mayar mana da kwanakin da suka tafi a banza ba. Wanda ya biya kuɗin wata cif ya cancanci a ƙara masa abin da ya rasa ba sai ya roƙa ba.

Babban sharaɗin shi ne wuta. Da an ɗauke, akwatin ya mutu, ko da kwamfutarka cike take da caji. Dole na sayi ƙaramin batir na musamman da ke riƙe shi wasu awanni. Mai sola ko inbata ba shi da wannan damuwa. Sannan bangon bulo yana tare sabis, ɗakin da ke can ƙuryar gida ba ya samu sosai sai da muka matsar da akwatin tsakiya.

Kafin ka biya, ka tambayi masu kamfanin ko suna rage gudu in an kai wani adadi, domin wasu suna cewa ba iyaka alhali akwai. Ka kuma nemi wani a layinku da ya riga ya sa, ka ji daga bakinsa yadda suke zuwa gyara. Mai zama shi kaɗai da ba ya wuce duba Facebook, datar wayarsa ta ishe shi. Gida mai 'yan makaranta ko mai sana'a ta waya ne zai ci moriyar abin, in har kebul ɗin ya iso unguwarsu. Abokina da ke can cikin Rigasa ya nema, aka ce ba su kai layinsu ba tukuna.