Littafin takarda ko na waya: amsa ga uwar da ɗiyarta ta daina barci saboda labari

Yaya, kin ce ɗiyarki mai shekara 14, da ke aji ɗaya na babbar sakandare a nan Gusau, ta maƙale wa labaran da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp, har kina farkawa cikin dare ki tarar da hasken waya a ƙarƙashin bargo. Kina tambaya ko ki karɓe wayar ki sayo mata littattafan takarda irin waɗanda muka karanta, ko kuwa duk kanwar ja ce. Ni Hausa nake koyarwa, sa'o'inta ne a gabana kullum, kuma duka biyun ina karantawa. Ba kanwar ja ba ce, amma bambancin ba a inda mutane suka fi nema yake ba.

Ki fara kwantar da hankalinki a kan abu guda. Yarinyar da ta hana idonta barci don ta ji yadda labari zai kaya ta fi sauƙin gyara a kan wadda ba ta iya zama da rubutu ko na minti biyar. A aji na fi shan wuya da ta biyun. Kuma riƙe matashi da “sai me ya faru?” ba waya ce ta kawo shi ba. Magana Jari Ce, da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, littafi uku ne, kuma a na farkon aikin aku ke nan: ya yi ta jan Musa ɗan sarki da labari har gari ya waye, don kada ya fita. Littattafan Kano da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980 su ma haka suka zo, na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke miki labari daidai inda amarya ta tura ƙofa ta ga abin da ta gani, a ce mu haɗu a littafi na gaba. Mu ma mun ɓoye su a cikin littafin lissafi, kada mu yi kamar ba mu yi ba.

Inda suka rabu shi ne ƙarshe. Na takarda yana da ƙarshe, kuma mai shi ya san inda zai sauka tun kafin ya kai maɗaba'a, domin kowane shafi kuɗi ne daga aljihunsa. Ko da ya ja labarin zuwa littafi na huɗu don ya ƙara ciniki, akwai bangon baya. Yarinya ta kai can ta rufe, ta yi ajiyar zuciya, ta tashi ta yi wanke-wanke. Na waya kuwa, mafi yawansu ana rubutawa ne ana turawa. Marubuciya ta saki shafi yau, masu karatu su cika zauren WhatsApp ɗin da sharhi, wannan ta ce a yi maganin kishiyar nan, waccan ta ce wallahi in aka raba su ta daina karantawa, gobe kuma a rubuta abin da zai riƙe su. Shi ya sa labarin da ya kamata ya sauka tuntuni sai ya haura shafi 100: a yi hatsarin mota, a yi ɓari, a manta da kowa a asibiti, tsohon saurayi ya dawo daga Dubai da kuɗi. Ba wai marubutan ba su iya ba ne. Akwai masu alƙalami a cikinsu da ba na jin kunyar ajiye su kusa da kowa. Tsarin ne ke biyan mai ja, ba ya biyan mai sauka.

Wannan shi ne abin da ke cin barcin ɗiyarki. Yawancin masu rubutun matan aure ne da ɗalibai, sai sun gama hidimar yini suke turawa, sau da yawa bayan isha'i. Yarinya ta jira, shafin ya zo, ta karanta cikin minti goma, ya yanke a tsakiyar magana. Barci ba zai zo ba, sai ta koma wani labarin da take bi, daga nan wani. Na san ɗalibai masu bin labari huɗu ko biyar a lokaci guda, kamar mai cin gyaɗa a gaban faranti, hannu na kaiwa baki ba don yunwa ba. Washegari a darasin farko ido ya yi ja.

Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne gani. Littafin takarda yana da bango, yana kwance a kan gado, kina shara ki ɗaga shi ki buɗe tsakiya. Mai shagon haya na unguwa ya san ɗiyar wane ce ta zo, akwai abin da ba zai miƙa mata ba ko don kunyar ubanta. Kuma da yake Kano ce cibiyar bugawa, akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i da aka kafa a can a 2001, wadda ko ba ta duba komai ba, marubuci ya san akwai ta. Ban ce duk na takarda tsarkakakku ba ne. An yi rigima a kansu sosai, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Amma rigimar a fili aka yi ta, domin littafin a fili yake. Na waya ba shi da bango. Suna ne kawai a kan fayil, kuma sunan na iya zama na salihai. A saman wasu za ki ga an rubuta “wannan littafin na matan aure ne, budurwa kada ki karanta”, wanda ga mai shekara 14 gayyata ce, ba kashedi ba. A tsakanin shafuka kuma ga tallar kayan mata da lambar waya.

A nan akwai giɓin da ya shafi duka biyun. Mu a Hausa ba mu ware wa matasa kantarsu ba. Labarin da uwa ke karantawa shi ɗiyarta ke karantawa, wani lokaci ma a waya ɗaya. A Turanci an daɗe da yin wannan rabon. Kamfanin Macmillan ya fara fitar da jerin Pacesetters a 1977 musamman don matasan Afirka, gajeru, kowanne da ƙarshensa, kuma da yawan iyayenmu da yayyenmu da suka yi sakandare a lokacin da su suka gyara Turancinsu. A namu, daga tatsuniya da littattafan firamare sai a faɗa kai tsaye cikin rikicin kishiyoyi da ɗakin aure. Yarinyar da ke neman labarin mai irin shekarunta, mai fargabar jarrabawa, mai rigima da ƙawa, mai tunanin ko za a bar ta ta wuce jami'a, da ƙyar take samu a takarda, a waya ma sai an tona.

Ta fuskar samu da kuɗi kuwa, waya ta yi wa takarda fintinkau, babu ja. Ki zaga kasuwa ki nemi sabon littafin labari na Hausa ki gani. Takarda ta yi tsada, marubuta da yawa sun daina bugawa, shagunan haya da muka sani wasu sun koma sayar da caja da rigar waya. A waya kuwa ana ba da shafukan ɗanɗano kyauta, in labari ya kama ki a ce daga nan na kuɗi ne, ki tura N500 ko N1,000, ki nuna shaidar biya a sa ki a zaure. Ɗiyarki dai na tabbata ba ta biya. Ƙawa ce ke turo mata wanda aka fitar, alhali a samansa marubuciya ta rubuta cewa duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ba ta yafe ba. Wannan ma abin zama ne a yi magana da ita, domin haƙƙin wata ne, kuma ta san da haka, tsallake layin take yi.

Sai dai samun waya samu ne mai sharaɗi, kuma mu a Zamfara mun ɗanɗana. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, makarantu kuma a rufe, masu hali na tafiya har Funtuwa don su yi kira, labaran da ake bi duk suka tsaya cak. A unguwarmu na ga 'yan mata suna bin gidaje suna tambayar matan aure ko akwai tsofaffin littattafai. Wata maƙwabciyata ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado, cike da su, wasu babu bango, wasu ɓera ya ci gefe, wani akwai na ɗaya da na uku babu na biyu. Haka aka riƙa zagayawa da su, wadda ta taɓa karanta na biyun ta zauna ta ba sauran labarinsa da baki, ana yi mata gyara. Waɗanda suka adana kammalallun labarai a waya su ma sun ci kasuwa, ana tura wa juna ta Xender, amma wanda ake tsakiyar rubutawa babu yadda aka iya da shi. Ko ba katse layi, abin da ke kan manhaja ba naki ba ne: Okadabooks, da marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen 2023.

Maganar rubutu ba zan ja ta ba, amma ina ganinta a takardun jarrabawa. Yawancin labaran waya ba sa sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, suna haɗe kalmomin da ake rabawa, suna cusa Turanci a kowane layi. Mai yawan karanta su sai ta rubuto min “bazan iyaba” a insha'i, kuma a jarrabawar fita ana rage maki a kan haka. Littattafan kasuwa na takarda su ma ba su kuɓuta ba, amma waɗanda suka bi ta hannun editoci, irin na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, ido na koyon ƙa'ida daga gare su ba tare da an yi darasi ba.

Akwai abin da zan yaba wa waya, kuma ba ƙarami ba ne. Tana magana a kan yau. Garkuwa da mutane, zaman gudun hijira a kangon makaranta, shaye-shayen 'yan mata, cin zarafin da ake rufewa a gida, duk na karanta su a labaran waya, wasu da zafin wanda abin ya taɓa. Tsohon littafin takarda ba zai ba ɗiyarki wannan ba. Sannan waya ta sa yarinya ta ga cewa marubuciya mutum ce kamarta, tana iya yi mata magana ta amsa. Daga nan wasu ke ɗaukar alƙalami. Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe da zama a nan Gusau, sai da ta shiga gasar kamfanin NNPC kafin So Aljannar Duniya ya fito a 1980, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta buga da Hausa. Yau mai sha'awa tana farawa daga ɗakin uwarta, kuma tun 2016 ga gasar Hikayata ta BBC Hausa ta gajerun labarai ta mata zalla, wadda ke ba irin waɗannan wurin gwada kansu idan sun girma.

To da ɗiyata ce, ga abin da zan yi. Ba zan karɓe ba tare da na ba da madadi ba, domin za ta koma wayar ƙawa ne, inda idona ba ya kaiwa. A shekarunta takarda zan sa gaba, ko da tsofaffi ne na aro daga gwaggonni, in haɗa da na Turanci masu sauƙi, tunda JAMB ma tana sa littafin labari a jarrabawar Turanci, gara ta saba tun yanzu. Na waya ba zan haramta ba, amma kammalalle kawai, ba wanda ake tsakiyar rubutawa ba, kuma a wayata, ba tata ba. Kafin in ba ta zan duba, kuma ba farkon zan duba ba. Shafukan ɗanɗano galibi tsaf suke, abin da ake gudu yana zuwa ne bayan an ɗaura aure a labarin, wato daidai inda aka fara karɓar kuɗi. Tsakiya za ki buɗe ki duba. Da dare kuma waya a ɗakinki za ta kwana tana caji, wannan babu ciniki.

Ki riƙa sa ta ba ki labarin da baki kuna aikin tuwon dare. Za ki ji abin da take karantawa ba tare da kin yi bincike ba, kuma inda ta yi tsalle ta ce “sai dai kawai suka shirya”, ki san akwai abin da ta tsallake. Kada ki nuna kin gane a ranar.

Ki tambaye ta sunayen waɗanda take bi yanzu ki turo min ta gefe. Mai yiwuwa na karanta biyu a ciki, sauran kuma zan tambayi ɗalibaina manya, su ne suka san wanda ya lalace daga wane shafi.