GPIB ko LAN: Amsa ga Ɗan'uwanmu na Jos

Malam, ka ce a ɗakin gwajinku na Jos akwai tsohuwar maltimita HP 34401A (na'urar auna wutar lantarki) da sabon osiloskof (na'urar nuna hoton igiyar lantarki) mai ramin LAN (kebul ɗin haɗa kwamfutoci) da USB, kana so kwamfuta ta riƙa karantar awo da kanta, kuma kana tambayar hanyar da ta fi. To maltimitar nan GPIB da RS-232 kawai take da su, don haka a kanta zaɓi kaɗan ne.

GPIB, wato IEEE 488, hanya ce ta haɗa na'urorin awo da kwamfuta; kamfanin HP ne ya ƙirƙiro ta, aka mai da ita ma'auni a 1975. Layi ɗaya yana ɗaukar na'urori 15 har da kwamfutar, kowacce da adireshi daga 0 zuwa 30. Maltimitarka tana fitowa daga masana'anta da adireshi 22. Jimillar kebul kada ta wuce mita 20, kuma kada ta wuce mita 2 sau yawan na'urorin. Saurinta kusan megabait ɗaya a daƙiƙa, amma tana amsa gajeren umarni nan take. Tsadarta tana wajen adaftar da ke haɗa ta da USB na kwamfuta, irin NI GPIB-USB-HS ko Keysight 82357B, da kebul mai fil 24.

Abin da ya fi shafarmu shi ne wuta. Ƙa'idar GPIB tana son kashi biyu cikin uku na na'urorin da ke kan layin su kasance a kunne. In an ɗauke wuta aka koma janareto, wasu suka tashi wasu ba su tashi ba, sai shirinka ya tsaya cak yana jiran amsa. Na biyu, GPIB da USB suna haɗa wayar ƙasa (earth) ta na'ura da ta kwamfuta. A ginin da ba a yi wayar ƙasa da kyau ba, hayaniyar lantarki tana iya shiga awon milibolt.

LAN ba ta da wannan matsalar, domin akwai ƙaramar tiransifoma a ramin, wadda ke raba na'ura da kwamfuta. Kebul ɗinta araha ne, yana kai mita 100, kuma ta fi dacewa da jan dubban ɗigon hoton igiya daga osiloskof. Rauninta: in rawuta ce ke raba adireshi, bayan ɗauke wuta lambar tana iya canzawa. Ka ba na'urar tsayayyen adireshin IP tun ranar farko.

A ganina, maltimita ta zauna kan GPIB, osiloskof ya hau LAN. Ka sa VISA, manhajar da ke magana da na'urorin awo, da PyVISA mai haɗa ta da Python; maltimita ka kira ta GPIB0::22::INSTR, osiloskof kuma, misali, TCPIP0::192.168.1.50::INSTR. Fara da tura musu umarnin *IDN? ka ga sun faɗi sunansu. In ka bi ta tashar LAN mai lamba 5025 kai tsaye, ka rufe kowane umarni da \n, wato alamar sabon layi, in ba haka ba shiru za ka ji. In abu ya ƙi, umarnin SYST:ERR? zai gaya maka inda ka kuskure.