Madubin likita ɗaya ko gilasan ƙara girma na hannu: wanne ya fi wa 'yan firamare?

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin tambaya wanne ya fi ki saya wa 'yan ajinki na firamare, madubin likita, wato na'urar leƙen ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, ko gilasan ƙara girma na hannu. Tsakanin madubin likita guda ɗaya da tarin gilasan ƙara girma na hannu, ki ɗauki gilasan. Ko da kuɗin da aka ware miki na kayan kimiyya zai isa duka biyun, da gilasan zan ce ki fara, madubin ya jira sai yaran sun kai aji biyar ko shida.

Ki yi lissafin ajin tukuna. A ce kina da yara 40, darasi kuma minti 40 ne. Madubi ɗaya, kowane yaro minti ɗaya ke nan, in har ba ki yi bayani ba, ba ki kira suna ba, kuma babu wanda ya taɓa abin murɗa saiti. To za su taɓa. Kafin a je kan yaro na uku wani ya murɗa, hoton ya ɓace, ki dawo ki sunkuya kina nema, na kan layi kuma sun shiga tsokanar juna. Abin da ya fi damuna shi ne ba ki da yadda za ki san abin da yaron ya gani. Ki ce masa "ka gani?" zai ce "na gani, Malama", alhali gashin idonsa yake kallo, ko kumfar iska da ta maƙale a ƙarƙashin gilashi. Amma gilasai 20 a hannun yara biyu-biyu, kowa na da abin yi tun daga farkon darasi har a buga ƙararrawa, ke kuma kina zagayawa kina ganin abin da suke kallo da idonki.

Nawa gilasan sun daɗe a hannuna, roba ce ma ba gilashi na gaske ba, duk sun sha karce, amma har yau su nake fara fitowa da su a sabon zango. Darasin da na fi so da su shi ne na gishiri da sukari. Nakan barbaɗa kaɗan-kaɗan a kan baƙar takarda, ba na faɗa musu wanne ne wanne, na hana lasa, in ce su bambance min da ido. Da ido kawai duk fari ne. Da gilashi kuwa sai ajin ya yi tsit. Wata yarinya 'yar aji uku da ba ta cika magana ba ta ɗago kai ta ce, "Malam, wa ya yanka gishirin nan?" Ta ga kowace ƙwaya da kusurwa huɗu a kowace fuska, daidai wa daida, ta tabbata sai dai in wani ne ya zauna da wuƙa. Ban ba ta amsa ba. Muka narkar da gishirin a ruwa har ya ɓace ƙurmus, muka ɗiga a baƙin faranti, muka ajiye a bakin taga. Da ruwan ya bushe ta ɗauki gilashi ta leƙa, ga 'yan kusurwoyin nan sun dawo, wasu ma sun fi na farko girma, ba wuƙa ba mai yanka. Ita da bakinta ta ce ashe shi yake yin kansa haka. Narkewa, bushewar ruwa, da yadda kowane abu ke da siffar ƙwayarsa, duk sun shiga kanta ba tare da na rubuta layi ɗaya a allo ba. Na sukari kuma ta lura nasa a karkace suke, ba irin na gishiri ba.

Abubuwan kallo ba sa ƙarewa, kuma ba sai an shirya su ba. Tururuwa: ƙafa shida, jiki kashi uku, ƙaho biyu a kai. Gizo-gizo: ƙafa takwas, jiki kashi biyu, don haka ba dangin tururuwa ba ne, kuma yara sun fi yarda in su suka ƙirga. Bayan ganye da jijiyoyinsa da 'yan gasunsa. Zanen yatsa, kowa ya gwada nasa da na abokinsa. Yashi, wanda za su tarar ba launi ɗaya ba ne. Saƙar rigar da ke jikinsu, zare na hawa zare yana nutsewa. Hoto mai launi a littafin karatu, wanda in gilashin na da ƙarfi sai ya watse ya koma ɗige-ɗige na shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi, domin da tawada huɗun nan injin buga littafi ke haɗa sauran launuka. Irin da aka jiƙa ya fara tsiro, a ga farin gashin da ke jikin saiwarsa, wanda da shi tsiro ke shan ruwa. Mafi yawan abin da manhajar firamare ke nema a fannin halittu da kayan da ke kewaye da mu yana cikin wannan girman, wato abin da ido na gani amma bai ƙoshi ba.

Madubin likita ina da shi. Yana saman kabad cikin kwalinsa, irin na roba ne da aka rubuta wa babbar lamba a jiki, abin murɗawarsa na zamewa da kansa. Ba zan ce miki komai na alheri a kansa ba.

Ko mai kyau ne ma, akwai abin da ke wahalar da ƙaramin yaro. Hoton a juye yake zuwa: ka tura abin hagu, ka ga ya tafi dama, ka tura sama ya yi ƙasa. Sannan haske daga ƙasa yake ratsa abin ya iso ido, saboda haka dole abin ya zama siriri ƙwarai. Yaro ya kamo ƙwaro da murna ya ɗora, baƙin dunƙule kawai zai gani. Ke ce za ki ɓare fatar albasa siririya, ki shimfiɗa a fallen gilashi, ki ɗiga ruwa, ki rufe, ki saita, shi nasa leƙe kawai. Ga shi kuma ba shi da hanyar haɗa abin da ke cikin madubin da abin da ya sani a waje. Da gilashin hannu yana iya ɗagawa ya ga tururuwa, ya mayar ya ga ƙatuwar tururuwa, ya san abu ɗaya ne. Wannan ɗagawa da mayarwa ita ke koya masa ma'anar ƙara girma kafin a kai shi inda ido ba ya zuwa.

Inda madubin ya yi zarra wuri ɗaya ne, ƙwayoyin halitta, wato 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da suka haɗu suka yi jikin abu mai rai. Idon mutum ba ya bambance abin da ya gaza kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, gilashin hannu ya ɗan matsar da iyakar, amma ba zai nuna miki ɗakunan da ke cikin fatar albasa yadda ya kamata ba. Madubin makaranta na ƙwarai yana zuwa da ruwan tabarau na ido mai ninki 10, da uku na ƙasa masu ninki 4, 10 da 40, wato ninki 40, 100 da 400. A ninki 100 ɗakunan albasa na fitowa a jere ɓaro-ɓaro, ɗigon ruwan kududdufi kuma ya cika da 'yan halittu masu iyo. Wannan na 'yan aji shida ne, waɗanda suka iya riƙe hannunsu da bin umarni. Kuma don Allah kada wani ya zuga ki ki soki yatsan yaro don a ga jini, akwai fallen da ake sayarwa a shirye.

Su kansu magabatan wannan ilimi da ƙaramin kaya suka fara. Robert Hooke na Ingila a 1665 ya wallafa zanen 'yan ɗakunan da ya gani a yankin ɓawon bishiyar da ake yin toshiyar kwalba da shi. Antonie van Leeuwenhoek kuwa mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holand, sana'ar da dama ake duba saƙa da gilashi a cikinta. Na'urarsa ruwan tabarau ɗaya tak gare ta, ɗan mitsitsi da ya haɗa da hannunsa, wasu na ninka abu fiye da sau 200, kuma da ita ya ga ƙananan halittu a ruwan tafki a 1674. Nakan ba yara labarinsa ranar da muke duba saƙar rigunansu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, domin a wannan kayan ƙarya ta fi gaskiya yawa. Za ki ga madubin roba na wasan yara an buga masa 1200x a kwali, wato wai ninki 1200, ko ɗan wanda ake jonawa da kwamfuta an ce 1600x. Madubin asibiti na gaske a ninki 1000 yake tsayawa a aikin yau da kullum, shi ma sai an ɗiga wani mai na musamman tsakanin ruwan tabarau da fallen gilashi. Iyakar daga hasken kansa take. Ernst Abbe na Jamus ya bayyana ta a 1873: madubi mai aiki da haske ba ya raba abu biyu da tazararsu ta gaza kusan kashi ɗaya cikin dubu biyar na milimita. Duk ninkin da aka ƙara bayan nan girma ne kawai ba ƙarin gani, kamar ki buɗe hoto mai dishi-dishi a waya da yatsu biyu, ya ƙara faɗi bai ƙara fitowa ba. Ruwan tabarau na roba kuwa tun kafin a je ko kusa da nan ya gaji. Hotunan da ke jikin kwalin ma sau da yawa ba da abin da ke ciki aka ɗauke su ba. Wanda ya ce miki yara za su ga ƙwayar cutar mura da shi, ki san ko dai bai san kayansa ba ko ya raina miki hankali, domin wannan sai madubi mai aiki da ilektiron.

Gilasan hannu ma ba su tsira ba. Ƙa'idar ita ce, iya faɗin gilashi iya raunin ninkinsa. Babba mai faɗin tafin hannu ninki 2 ne zuwa 3, ko me aka rubuta a mariƙinsa. Mai ninki 10 na gaske ƙarami ne, faɗinsa wajen santimita 2. In kin ga ƙato an ce 30x, ƙarya ce. Ki tafi da rula da farar takarda. Ki juya wa taga baya ko ki tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarki mai nisa, ki riƙa matso da gilashin kusa da takardar har hoton tagar ko ƙwan ya fito tar a kanta, ki auna tazarar gilashi da takarda, ki raba 25 da adadin santimitan da kika samu. Tazarar santimita 10 ninki biyu da rabi ke nan, 5 ninki 5, biyu da rabi ninki 10. Mai kayan da ya ƙi bari ki buɗe ɗaya ki gwada, ki bar masa abinsa. In ta intanet ne, ki fara sayen guda ɗaya ki auna kafin ki yi odar na aji duka. Ki kuma duba layin rula ta cikin gilashin, in ya lanƙwashe sosai ko bakinsa ya yi bakan gizo tun daga tsakiya, ba na kirki ba ne.

Ga abin da zan saya da ni ne ke. Na roba mai tauri, ninki 3 zuwa 5, masu mariƙi, yadda yara biyu za su samu ɗaya. A nan roba ta fi, don za su yar, kuma ba ta fashewa ta yanki yaro. Akwai masu ɗan ƙaramin ido a gefe da ya fi babban ƙarfi, su ne na fi so. Sai ƙanana masu ninki 10 kamar biyu ko uku da za su zauna a hannunki, ki koya wa manyan yaran riƙonsu: gilashin a dab da ido, abin kallon ake matsowa da shi har ya fito, ba a miƙa hannu can nesa. In canji ya ragu kuma ranki na kan na'ura, ki nemi madubi mai ido biyu mai ninki 20, wanda ake ɗora abu sukutum ba yanka ba falle. Hotonsa a tsaye yake zuwa, haskensa daga sama, ɗan aji biyu ma zai iya saita shi. Akwai kuma Foldscope, na takarda da ake naɗewa, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka, ninkinsa 140. Yana aiki, amma yana son haƙuri da hannu mai natsuwa, ni dai ba zan raba wa 'yan ƙasa da aji biyar ba.

Ranar da za ki raba gilasan, doka ɗaya ki kafa kafin kowa ya taɓa: ba a kallon rana ta cikinsa, ba a tara haskenta a fatar kowa. Za su gano yana ƙona takarda ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba, gara ki nuna musu da kanki a fili, da ruwa a kusa, ki ce wannan sai da malama. Kada ki bar su a bakin taga inda rana ke bugawa. Ki zura wa kowane mariƙi igiya a riƙa ratayawa a wuya, ki rubuta lamba a jiki, ki ƙirga su kafin a fita tara.