Kamfanin robar da ya dawo mini da buhu bakwai a Sharaɗa

Kiwon kaji nake yi a bayan gidanmu a Samaru, kuma ba abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya kamar mazubin ruwa da na abinci. Ka sayo yau a kasuwar Sabon Gari, kafin wata uku rana ta gasa shi ya tsage. Ga kuma fasassun bokitai da kujerun roba jibge wurin 'yan jari bola, ga masu kiwo tun daga Shika har Giwa. Sai na ce bari in riƙa tara robar ana buga mini mazubin ina sayarwa. Injin zubi ya fi ƙarfin aljihuna, dole na shiga neman mai bugawa.

Wurare uku na taka. Na Kakuri a Kaduna suka ce ba sa kunna inji a kan ƙasa da guda 10,000, muka rabu lafiya. Na biyu a Kano yake. Samfurin da suka nuna mini sumul, amma da kayan suka sauka a Kwangila na ɗaga ɗaya, sai na ji nauyi kamar kasko. Har na yi murna. Ashe hodar alli suka cika wa robar don su rage tsada, ita ke ƙara nauyi, kuma in ta yi yawa abu ya faɗi sau ɗaya ya dare. Rabin kayan nan har yau suna ɗakin ajiya, kaji ma ba su amfana ba.

Na ukun, wani ƙaramin kamfani a Sharaɗa, shi nake son magana a kai. Na kai musu buhu 30 na ɓarzajjiyar roba ina ta taƙama. Shugaban ma'aikatan, wani dattijo Bakano, bai ko dubi takardata ba. Ya sa aka jawo rabin duro na ruwa, ya damƙo roba daga tsakiyar buhu ya watsa. Wasu suka taso, wasu suka nutse. Ya ce, "Malam, mutanen Zazzau da ilimi, amma ka haɗo mini wake da tsakuwa." Na ce, "Baba, ai don in gwada Kanawa ne." Ya yi dariya, ya ci gaba da aikinsa.

A tsaye a bakin duron nan na koyi abin da ban sani ba. Lambar da ke cikin alamar kusurwa uku a gindin roba ita ce sunanta. Mai lamba 5, irin ta kujeru da yawancin bokitai, da mai lamba 2 ta jarkoki, su ke tasowa. Gorar ruwa mai lamba 1 da bututun famfo mai lamba 3 nutsewa suke yi. Ta gora sai zafi ya kai wajen digiri 250 take narkewa, ta kujera kuwa tun wajen 165, don haka in sun haɗu gutsattsarin gora kan toshe bakin inji. Ta bututu ta fi muni, hayaƙinta cin ƙarfen zubi yake yi, wato ƙarfen da ke fitar da siffar kaya. Buhu bakwai ya ware ya ce in koma da su. Raina ya ɓaci a ranar, ga kuɗin mota na ɗauko su, amma wancan kamfanin da ya karɓe komai bai ce uffan ba ai na ga ƙarshensa.

Launi ma bai yi mini alkawarin banza ba. Na so ja irin na kasuwa, ya ce tsohuwar roba mai launi barkatai baƙi take bayarwa, ja mai haske sai an zuba sabuwa. Ya ƙara da cewa baƙin ya fi jure rana, kuma haka na gani a kejina. Mun rubuta nauyin kowane mazubi a takarda kafin in ba da kafin alƙalami, ranar ɗauka kuma ni na zaɓi guda goma da hannuna aka ɗora a sikeli. Sun cika.

Inda suka gaza shi ne lokaci. Mako biyu aka ce, sai da aka yi biyar. Kullum wuta ce hujja, kuma tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wutar lantarki, naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, farashin da suka faɗa maka ba ya wuce mako guda. Waya kuwa sai ka kira sau biyar. Cikin guda 1,500 na tsinci kusan 60 masu kaifin baki, sun canza su ba gardama, sai dai ni na biya motar. Sunana ma bai hau kayan ba, domin ƙarfen zubin nasu ne. In na sa aka ƙera nawa, sai an rubuta cewa mallakina ne, in ɗauke shi ranar da na ga dama.

Bayan salla zan sake aika musu kaya. Yanzu akwai rabin duro a ƙofar ɗakin ajiyata, yarana ba sa ɗinke buhu sai sun watsa a ruwa.