Madabod mai sauƙin kuɗi: wanne zaka ɗauka in kana haɗa kwamfuta da kanka?

Abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya tambayeni shine kar ya soma da madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, ya fara yanke shawarar furosesar da zai saka tukunna, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kowane bod da irin soket ɗinsa, wato gurbin da furosesa ke zama, furosesar AMD bata zama a na Intel, kai ko a cikin AMD ɗin ma ta soket ɗin AM4 bata shiga na AM5. In ka sayi bod don kawai ya maka kyau a ido sai ka dawo kana neman abinda zai zauna a kai, kuma ƙarshe ka biya fiye da yadda kayi niyya.

Ga mai ƙaramin aljihu ni har yanzu AM4 nake fara nunawa. Tun 2016 ya fito, kuma yana ɗaukar Ryzen, wato furosesar AMD, tun daga na 1000 har zuwa na 5000, ram ɗinsa, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, nau'in DDR4 ne wanda ake samu a ko'ina, sabo da na hannu. A nan zaka ji ana kiran A320, A520, B450 da B550, wato azuzuwan bod ɗin AM4. A320 na ƙyale shi gaskiya, ya tsufa kuma yawancinsu ramin ram biyu ne kawai. A520 ba laifi in aikin ofis ne da kallo da karatun yara. B450 shine tsaka-tsaki, irin su Gigabyte B450M DS3H da ASRock B450M Pro4 suna da ramin ram huɗu, yau ka sa 16GB, gaba in Allah ya hore ka ƙara ba sai ka cire na farko ba. B550 kuma ya fishi da PCIe 4.0, wato layin bayanai da ya fi na 3.0 sauri, a wurin katin girafik mai fitar da hoto da ramin M.2 na farko inda ake soka ma'ajiyar SSD, amma fa a lura, in Ryzen 5 5600G zaka saka to ita kanta a 3.0 ta tsaya, kaga kenan ka biya kuɗin abinda bazaka mora ba. In 5600 ce mara G to nan B550 yana da ma'ana, sai dai ita bata nuna hoto da kanta dole sai da katin girafik.

Wani tarko da ke kama mutane a B450 shine BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin bod wadda ke gane furosesa ta tada kwamfuta. Bod ɗin ya riga Ryzen 5000 fitowa, saboda haka in tsohon kaya ne da ya daɗe a kwali zaka haɗa komai ka kunna, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, hankalinka ya tashi kace an sayar maka da matacce alhali sabuntawa kawai yake so. Ko dai mai shago ya sabunta maka kafin ka bar wurin, ko ka nemi mai ɗan maɓallin nan a baya da ake sabuntawa da filash ba tare da furosesa ba, MSI B450 Tomahawk Max yana dashi, Gigabyte kuma suna kiran nasu Q-Flash Plus.

Ɓangaren Intel kuwa soket ɗin LGA1700 ne, mai ɗaukar zubi na 12 zuwa na 14. H610 shine bod mai arha, da i3-12100F ko i5-12400F yana aiki lafiya lau, amma ramin ram biyu ne kuma baya barin ram ya wuce gudun da Intel ta ƙayyade. B660 da B760 sun sake maka mara a nan. Ka karanta kwalin da kyau don bod ɗin LGA1700 akwai na DDR4 akwai na DDR5, kuma ɗaya baya karɓar na ɗayan. Harafin F ɗin nan na ƙarshen sunan furosesar ma ma'anarsa babu girafik a ciki, ko ka soka HDMI a bayan bod babu abinda zai fito.

AM5 da ya zo a 2022 DDR5 kaɗai yake ci, A620 ne mai sauƙinsa. Yana da gaba, amma in ka haɗa kuɗin ram da furosesa sai kaga lissafin ya tashi daga na talaka.

Abinda nafi damuwa dashi a ƙasarmu shine zafi. Gefen soket akwai wasu ƙananan kaya da ake kira VRM, sune suke daidaita wutar da furosesa ke sha, kuma suna ɗaukar zafi sosai. Bod mafi arha a tsirara ake barinsu, babu ƙarfen sanyaya a kai. Wanda ke ɗaki mai esi a Turai bazai damu ba, amma kai da ke Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ana digiri 40 da ɗoriya, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun watannin baya, in ka ɗora aiki mai nauyi irin haɗa bidiyo sai furosesar ta rage gudu da kanta don kar abin ya ƙone. Tsakanin bod mai fitulu kala-kala da mai ƙarfe a kan VRM ni na biyun zan ɗauka ko da muni ne, ai a cikin akwati zai zauna. Ragowar canjin ka saka a UPS ko sitabilaiza mai kyau, don wutar nepa in ta dawo da ƙarfi bata tambayar nawa ka sayi bod.

Na hannu kuma, ko a Farm Centre ne ko Banex ko Computer Village, kar ka biya sai an kunna a gabanka. A bod ɗin Intel da AM5 alluran suna cikin soket ne, haska fitilar waya ka duba ko akwai wanda ya lanƙwashe, a AM4 kuwa a jikin furosesar suke. A gwada kowane ramin ram ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar an baka ƙarfen baya na wurin soke-soke. Bod ɗin da aka ciro daga Dell ko HP na ofis da yawansu wurin wutarsu ba irin na gama-gari bane, bazai yarda da akwatinka ko pawa sufulai ɗinka ba. Su H61 da H81 kuma, tsofaffin bod ɗin Intel da basu kai zubi na 8 ba, arharsu na jan hankali, amma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 take farawa, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.

In ni ne da kuɗi daidai gwargwado, mATX B450, wato mai matsakaicin girma, mai ramin ram huɗu da ƙarfe a VRM zan ɗauka in haɗa da 5600G, in kuma akwai katin girafik a lissafin sai in matsa zuwa B550 da 5600.